Mai Awon Wutsiyar Ɓera

Ina jiran motar Kano a tashar Matameye, ga wani tsoho a gindin bedi, wato dogon yaro, tarkuna shida rataye a kafaɗarsa. Ya shimfiɗa mataccen baƙin ɓera a tafinsa, yana miƙar da wutsiyar bisa gadon bayan, a natse kamar tela. Ta zarce hanci. Irin masu hawa rumbu ke nan, waɗanda manyan motoci suka shigo da su. Ina jin geron da zai kai iyalinsa damina suke cinyewa.

Na ce, "Baba, baƙon naka ya nuna takarda a kan iyaka?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Kakansa ne baƙo, samari. Wannan a kogon gawon gonata aka haife shi. Shi ya samu wurin zama. Kai fa?"

Na dubi jakar kayana, na dubi hanyar Kano.