Akwatin da Ya Sauya Gida

Shekara talatin da ɗaya Baba Masinja ya yi yana raba wasiƙu a kan keke. Karatunsa bai wuce na gane suna da lambar gida ba, amma bai taɓa yar da takardar kowa ba. In mai wasiƙa ya tashi daga gida, sai ya bi maƙwabta da tambaya har ya gano inda ya koma. Da aikin ya mutu, keken ya tafi, sunan ya zauna.

Bayan rasuwar mai ɗakinsa, 'yarsa Auta ta kwashe duk abin da ke cikin tsohuwar wayar uwarta, hotuna da saƙonnin murya, ta zuba a wani baƙin akwatin ajiya. Ta jona shi da na'urar intanet ta falo, ta manna masa takarda a gefe da wasu lambobi, ta ce adireshinsa ke nan, sannan ta koma gidan mijinta a wani gari mai nisa. Wayar ba ta yi wata ba ta mutu. Kullum da hantsi tsohon yakan danna hoton akwatin a wayarsa, ya saurari matarsa tana yi wa jikoki faɗa a kan takalma, ko tana tuna masa maganin hawan jini. Ko faɗan ma daɗi yake masa.

Ranar wata Talata aka kawo sabuwar na'urar intanet, aka tafi da tsohuwar. Washegari ya danna, waya ta ce ba a sami akwati ba.

Bai yi gaggawa ba. Ya durƙusa bayan talabijin, gwiwa na ƙara, ya taɓa akwatin ya ji ɗumi, koriyar fitilarsa na ci. Ya zare kebul, ya hure ƙura, ya mayar har ya ji ƙas. Ya kashe, ya kunna. Shiru. Sai ya sa tabarau, ya juya sabuwar na'urar, ya gwada lambobin da ke ƙarƙashinta da na takardar Auta. Biyun farko iri ɗaya ne, na ukun ya bambanta. Nan ya gane. Unguwa aka sauya wa lamba, akwatin kuwa yana nan riƙe da tsohuwar.

Da yamma babban ɗansa, wanda ake kira Injiniya don yana sayar da caja da murfin waya, ya zo tare da matarsa. Tsohon ya yi masa bayani a hankali, ya ce akwatin lafiyarsa ƙalau, adireshi ne kawai, a kira Auta ta faɗi yadda ake gyarawa. Injiniya ya yi dariya, ya ce wa matarsa ta zo ta ji, Baba zai kai wa intanet wasiƙa.

"Baba, wannan ba aikin keke ba ne. Kuma ni ba ƙanwata ce za ta koya mini ba."

Ya karɓi allura wurin matar, ya soka a wani ɗan rami a bayan akwatin. Akwatin ya yi ƙara, sai ga shi ya bayyana a waya. Rubutu ya fito da Turanci, dogo, da jan layi a ƙasa. Tsohon ya ce a dakata a karanta, shi a aikinsa ba a sa hannu a kan abin da ba a karanta ba. Injiniya ya ce ai duk haka suke rubutawa, ya danna, ya sake dannawa.

Bayan kamar rabin awa ya miƙa masa wayar yana murmushi, ya ce ga shi nan ya dawo sabo fil. Baba Masinja ya buɗe. Fari tas, ba komai.

Sai a lokacin aka kira Auta. Ta saurara har ƙarshe, ta ce lamba ɗaya za a canza, aikin minti biyu. Da ta ji abin da aka danna, ta ce ai wannan goge komai yake yi, ba ya dawowa. Injiniya ya shiga cewa laifinta ne da ba ta ajiye a wuri biyu ba, ita kuma tana kuka tana cewa wa ya aike shi. Matar Injiniya ta ce a yi haƙuri, ai Mama tana cikin zuciya.

Da suka tashi tafiya, ɗan ya tsaya a bakin ƙofa yana wasa da makullin mota, ya ce gobe zai turo masa waƙoƙi da wa'azi a cika akwatin, kar ya zauna haka.

"Bar shi haka," in ji Baba Masinja. "Ka gaida yara."

Ya rufe ƙofa, ya zauna, yana ƙoƙarin tuno yadda mai ɗakinsa take faɗin sunansa. Kalmar ta zo. Muryar ce ba ta zo ba.