Gadon Baba

Sailuba ba mahaukaciya ba ce, kuma masu faɗin haka a garin Laurel na jihar Maryland su ji kunya. Shekara goma sha huɗu tana kula da tsofaffin da 'ya'yansu ba sa ko leƙowa, wa ya taɓa jin ta yi sambatu?

Mijinta Muntaka gadi yake yi a Baltimore. Kullum da safe, in jirgin ƙasan da ke kai shi aiki ya hau tsohuwar gadar dutsen nan mai baka takwas, sai ya kira ta: "Maman Afnan, na hau gada." Ya kashe. Iyakar hirar ke nan.

A 2011 ya je Zariya duba mahaifiyarsa, zazzaɓi ya kayar da shi. Kafin gari ya waye a Maryland har an rufe shi. Takardunta ba su cika ba, in ta fita ba dawowa. Ko kabarin ba ta gani ba.

Shi ya sa duk Litinin, ranar hutunta, take zuwa ƙarƙashin gadar. Sai ka ɗaga kai har wuya ya ƙage kafin ka ga samanta, ga sanyi ko da rana na dukan mutum. Ta yi sallama, dutsen ya mayar mata, muryar ta dawo da kauri kamar ta namiji.

"Aljanu take gaisarwa," in ji matan masallaci. Matan da ko tuwo ba su aiko ba ranar sadakar uku! Suka zuga 'yarta Afnan, ɗalibar jami'a, mai jin Hausa amma harshe a karye. Afnan ta ce za ta bi ta, ta gani da idonta. Sailuba ta ƙudura a ranta: in 'yar cikinta ma ta ce hauka ne, ta bar zuwa har abada.

Suna tsaye jirgi ya hau. Ƙarar ta gangaro ta cikin dutsen har tafin ƙafarsu. Da ya wuce, wurin ya yi tsit. Afnan ta shafa bangon, ta daɗe.

"Mama, nan ne gadon Baba?"

Sailuba ta buɗe baki ta ce mata gada ake cewa, gado na kwanciya ne. Shekara ashirin tana gyara wa yarinyar nan Hausa. Sai ta haɗiye.

"Nan ne. Rufe kanki, ki yi masa sallama."

Afnan ta ja mayafi ta yi. Suka tsaya suna jiran amsa.