Ƙafar Mai Tumaki

Ina tsaye a bakin ƙyauren gonar da jakar bandeji a kafaɗa sai wayata ta yi ƙara. Yayana ne daga Birmingham. Ba ya kirana da hantsi, ya san ina bakin aiki. Ya yi sallama, ya tambaye ni sanyi, sannan ya ce, "Sai haƙuri. Baba ya riga mu gidan gaskiya. Bayan azahar za a kai shi, can gida." Na yi salati. Ya ce in kamo hanya, mu na nan a gidansa na unguwar Small Heath za mu yi zaman makoki, mutane har sun fara shigowa. Na ce to, amma akwai ƙafar da zan wanke tukuna.

A lokacin ina shekarar ƙarshe ta karatun jinya a Manchester. Ɗakina yana unguwar Moss Side, amma an tura ni koyon aiki wani ƙauye can cikin tsaunuka, inda tumaki suka fi mutane yawa. Shekarun tsuke bakin aljihun gwamnati ne. An rufe ɗan asibitin ƙauyen, an janye bas ɗin yamma, dole na kama ɗaki a can. Nas ɗin da nake ƙarƙashinta ita kaɗai ke zagaya gidajen kwarin a ƙaramar motarta, ni ina gefe riƙe da jaka. Ta san aikinta sarai. Lokaci ne ba ta da shi, kafin ta fito daga wannan gida wancan yana jira.

Mai gonar tsoho ne, shi kaɗai da karensa, da gyambo a ƙwauri wanda ya daɗe yana ci. Likita ya gaya masa in ba a riƙa wankewa ana ɗaurewa ba, ƙarshenta yankewa ne. Duk da haka ya sha barin ma'aikatan lafiya a waje. Ya ce suna shigowa ido a kan ƙafa, kamar ita ce mai gidan.

Ranar da na fara zuwa ban yi wata dabara ba, abin da na taso a kai na yi. Baba ya yi aiki a ɗakin shan magani na ƙauyenmu har ya yi ritaya, kuma kullum yakan ce ba a taɓa ciwo sai an gaida mai ciwo. Na tsaya a bakin ƙofa na tambayi tsohon yadda ya kwana, da sanyi, da kare, da tumaki. Ya dube ni kamar na zo karɓar haraji. Can ya ce akwai tunkiya ɗaya mai ɗingishi. Na tambayi wace ƙafa. Yana cikin bayani ya ɗora tasa a kan kujera da kansa. Nas ɗin ta dubi agogo, ta dube ni. A mota ta ce gaisuwata ta cinye mana shayin rana.

Daga nan ni nake wanke ƙafar, ita tana tsaye tana duba hannuna. Sai dai ya kafe, in ba ni ba babu mai taɓa shi. Duk Juma'a in na kira gida, kafin Baba ya tambayi karatu sai ya ce, "Ya ƙafar mai tumaki?" Ya tambayi launin ciwon, ya tambayi ko yana wari. A wayarmu ta ƙarshe na ce masa ya bari sai ta rufe in ba shi labarin gaba ɗaya.

Da na gaya wa nas ɗin rasuwar, ta ce in shiga mota ta kai ni tashar jirgi yanzu. Na ce in na tafi ban sallami tsohon ba, gobe za ta tarar da ƙofa a kulle, kuma ciwon ba zai jira ni ba.

Na shiga na gaishe shi kamar kullum, ban rage komai ba. Na kwance tsohon bandeji, na wanke, na shafa mai a fatar da ke kewaye, na ɗaure daga yatsu zuwa ƙasan gwiwa. Sai da na gama na gaya masa. Ya tambayi yaushe ne jana'iza, na ce yau, kafin in kai tasha ma wataƙila an rufe shi. Ya cire hularsa ya ajiye a cinya.

"Zan yi kwanaki ba na nan," na ce. "Ita za ta riƙa zuwa."

"Ita ba ta gaisuwa."

Nas ɗin tana bakin ƙofa. Ta gyara murya ta ce, "Ya tumaki?"

"Sai yau kika san ina da su?" Sannan ya ce mai ɗingishin ta samu sauƙi. Ni kuma ya ce, "Tashi ki tafi, yarinya, mutanenki suna jira."

Na isa Small Heath da magariba, takalma sun cika bakin ƙofa. Na zauna a kafet kusa da matar yayana. Ɗalibai daga jami'ar Aston suka zo da tukwanen shinkafa, wasu iyali 'yan Jos suka biyo bayan sun tashi daga aiki, yara suna ta kai da kawo da Turancinsu na Birmingham. Kowa ya durƙusa ya ce ya haƙuri, in ce da godiya. A nan ne kukan ya zo. Washegari nas ɗin ta turo saƙo cewa tsohon ya buɗe mata ƙofa, kuma yanzu ta san abin da ba ta nema ba game da kofaton tunkiya.

Bayan addu'ar bakwai na koma. Na tarar da shi da nas ɗin suna musu a kan shayi, ƙafar tana kan kujera. Ciwon ya tsuke, sabon nama ya taso ja, babu wari, likita ya daina zancen yankewa. Na ci gaba da zagaye har wa'adina ya cika, aka sa mini hannu a takardar kammalawa, na koma Moss Side.

Ranar da na bar ƙauyen ƙafar ba ta gama rufewa ba.