Kwalbatin da Yaƙi Ya Cinye

Jiya a kasuwar Aliero warin ruɓaɓɓiyar albasa ya buge ni, sai na tuna Baffa, yayan mahaifina. Idan ya raina magana, yakan tuɓe hularsa ya riƙa leƙa cikinta, kamar can ya fi abin kallo.

Ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba, wani jami'in gwamnati ya zo garinmu Sabiyal cikin sabuwar mota, yana ƙamshin turare. Ya tara mu ya ce mulki ya dawo hannun talakawa, mu faɗi abin da za a sa mana a kasafin bana. Muka ce kwalbati muke so, domin kowace damina hanya tana yankewa, albasarmu ta ruɓe ba ta kai Jega ba. Ko biro bai ɗauka ba. Ya ce kuɗi sun yi ƙaranci saboda yaƙin Laberiya, sai dai a kafa mana allon sunan gari.

Ɗan Baffa soja ne, yana can, an yi watanni babu wasiƙa. Baffa ya tuɓe hula, ya daɗe yana leƙawa.

"Yaro," ya ce, "yaƙin ga na san shi, ɗana ya ɗauka. Yau kuma ka ce ya cinye kwalbati. Mi ya hana shi cin motar ga taka?"

Jami'in ya duba agogo, ya miƙe.

Allon aka kafa. Har Baffa ya rasu, a nan yake ɗaure jakinsa.

Allah ya haskaka kabarinka, Baffa, ya sada ka da masu cika alkawari.