Geron da Ya Sha Ruwan Tulu

Babana ya rasu cikin rani, a shekarar da Nasara suka miƙa mulki. Ya bar mana gona ɗaya gabas da ƙauyenmu, can wajen Gaffati, da dami guda na iri wanda innata ta rataye a rufin ɗakinta, inda hayaƙi yake kai masa don kada ƙwari su ci. Rumbu kuwa jinya ta cinye shi. Shekaruna ashirin ne ko da ɗoriya kaɗan, ban yi aure ba, kuma ni kaɗai ne namiji a ɗakin innata.

Irin nan gero ne mai gajeren kai, mai saurin nuna, wanda babana yake zaɓa zangarniya-zangarniya kowace kaka. Da muka sussuke shi bai cika masaki ba. Shuka ɗaya zai yi wa gonar. In ta ƙone, babu ta biyu.

Bazara ta shigo da halinta na rashin tsayawa kan magana. Kukar bakin kasuwa ta yi tofo, ganye ƙanana masu sheƙi kamar an shafa musu mai, alhali ƙasa ko ɗigo ba ta gani ba. Shamuwa biyu suka sauka kan tsamiyar masallaci suka fara ɗinkin gida. Da la'asar hadari yakan haɗu a gabas, ya yi baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya da gudu, sai iska ta juya ya watse, washegari rana ta fito da zafin da ya fi na jiya. Haka aka yi ta yi da mu har wata Talata, lokacin da ruwa ya sauka da rana tsaka. Bai daɗe ba. Kafin a dama fura a sha ya ɗauke, ya bar ƙamshin ƙasa da ƴan kududdufai a hanya.

Ran Laraba tun da sassafe gari ya fita shuka. Ni ma na fita, amma ban ɗauki sungumi ba. Na je tsakiyar gona na durƙusa na tona rairayi da hannu yadda babana yake yi. Shi ba ya shuka sai danshi ya haura tsintsiyar hannu ya doshi gwiwar hannu, kuma sai ya ɗaga kai ya ga gawon da ke gefen gonar ya fara zubar da ganye, don gawo da damina yake tuɓewa. Na tura hannu. Kafin tafina ya ɓace na taɓa busasshen yashi mai ɗumi. Gawo kuwa yana nan cike da ganyensa. Na karkaɗe hannu na zauna a inuwarsa.

A nan baffana ya same ni, ƙanin babana uwa ɗaya uba ɗaya. Ba mugun mutum ba ne. Gidansa baki ya yi yawa, kuma tun da aka raba gandun kakanmu idonsa yana kan wannan gona, don jigawa ce mai laushi irin wadda gujiya, wato gyaɗa, take so. A shekarun nan kowa zancen gujiya yake. Kamiyo, babbar motar kaya, yakan zo daga Damagaram ya kwashe ta, mushen noma kuma, wato malamin gona na gwamnati, yana yawo ƙauye-ƙauye yana cewa a ƙara.

Ya tambaye ni me nake jira. Na ce danshi bai kai ba. Ya ce duk gari har da limami sun ga ya kai, ni ne masanin da ya fi su? Na ce shi baffa in tasa ta ƙone zai buɗe rumbu ya ɗebo wani iri, sau uku ma in ya so, ni kuwa abin da ke cikin masaki shi ke nan. Sai ya sassauta murya ya ce ai abin da ya zo faɗa ke nan. In mayar da gonar cikin gandunsa, ya zuba mata gujiya, ni da innata mu ci daga rumbunsa har in yi ƙarfi.

"Na gode, Baba," na ce. "Amma gonar nan gero za ta ci, kuma ni zan shuka shi."

"Yaushe?"

"Ran da ƙasa ta jiƙu."

Washegari ya kai ni gaban mai gari. Ya ce ɗan yayansa zai bar gonar gado ta kwana shekara babu komai saboda taurin kai. Mai gari tsoho ne mai ƙin dogon zance. Ya ce a garin nan gonar da aka shuka ba a shigarta, ko ta maraya ce. Amma in ruwan gaba ya sauka aka je aka tarar babu tsiro a cikinta, to baffana ya shuka ta bana. Kowa a zauren ya san cewa wanda ya shuka gona bana, da wuya a fitar da shi baɗi.

Da na koma gida na faɗa wa innata. Ta ci gaba da tsince wake. Can ta ce, ba ta ɗago kai ba, mai gari tsiro ya ce, bai ce gona duka ba. Ta tashi ta buɗe masakin, ta ɗebo cikin tafinta sau ɗaya, ta ƙulle a bakin zane. Da azahar muka tafi. Na sara gurbi arba'in a gindin gawo, inda inuwa take kuma ƙasa ta sha kashin dabbobi, tana bina tana jefa ƙwaya tana rufewa da dunduniya. Danshin Talata ya riga ya gudu. Don haka na koma gari na ɗauko tulu.

Ban taɓa ganin wanda ya ba gero ruwa ba, kuma ba wanda ya taɓa gani a garinmu. Albasa da taba ake ba ruwa a fadama. Gero na Allah ne. Rijiyarmu tana da zurfi, kuma daga bakinta zuwa gonar tafiya ce ta shan ƙoƙon fura biyu. Tulu huɗu da safe, huɗu da yamma, ina bin gurbi ɗaya-ɗaya da ludayi. Matan da ke rijiya suka samu abin yi. Akwai wata tsohuwa, asalin iyayenta Barno, ƙawar kakata ce, saboda haka mijinta take kirana. Da ta hango ni sai ta ce a ba maigidanta hanya, jaririnsa ya farka. Wata rana ta tambaye ni ko geron ya fara haƙori. Na ce mata in ya nuna ko tsaki ba za ta ɗanɗana ba, tunda kishi take da shi. Ta ce ita da ta ga mazan ƙwarai, me za ta yi da mijin da ya auri gawo.

Rana ta huɗu da safe na tarar ƙasa ta tsage a bakin gurabe. Tsiron gero in ya huda kamar allura yake, kore mai haske, a naɗe, da ɗigon raɓa a kansa. Na kwanta rub da ciki na ƙirga. Talatin da shida suka fito. A lokacin gonakin gari duk sun yi kore layi-layi, tawa kuwa fara fat sai wannan ɗan tabo a gindin itace. Masu wucewa sukan tsaya su yi mini barka da arziki, su ce in rumbu ɗaya bai isa ba za su ara mini nasu. Nakan amsa musu gaisuwa in ci gaba da zuba ruwa.

Daga nan sama ta kulle. Kwana bakwai, kwana goma. Hadari bai daina zuwa ba, amma ba ya sauke komai. Wata la'asar ya taso da gaske, har da tsawa, aka ce yau kam sai ruwa. Iskar da ke gabansa ce kawai ta iso. Ta kwashi yashi tana sheƙa shi ƙasa-ƙasa, irin wanda yake yanke tsiro kamar aska. Ina gona lokacin. Na tuɓe rigata na shimfiɗa kan gurabe biyar na danne da gwiwa, sauran ina kallo yashi yana binne su. Da iskar ta lafa na bi su da yatsa ina tonowa. Ashirin da biyu suka rage. Washegari na bi juji na tsinto tsingaro, na kafa wa kowane gurbi ɗaya ta gabas don ya tare iska.

Shukar gari ta fara naɗe ganye, ta yi ja, ta kwanta. Ban yi murna ba, don a cikin masu gonakin akwai waɗanda rumbunsu bai fi namu ba. Dariyar bakin hanya ta ragu. Amma da mutane suka fid da rai sai suka saki awaki, tunda babu abin da za su ɓata. Kore ɗaya ya rage a duk gabashin gari, kuma awaki sun fi mutane saurin ganinsa. Na je ɗebo ruwa na dawo na tarar da awaki uku a ciki. Na jefar da tulun ya fashe. Sha ɗaya suka bar mini. Ranar na sare ƙaya har hannuwana suka yi jini, na kewaye wurin, innata kuma ta ɗauko tabarma ta zo ta zauna gadi duk lokacin da na tafi rijiya. Ba ta daɗe da fita takaba ba, mutane suka yi ta magana. Ta ce su yi.

Baffana ya aiko mini cewa in daina wahalar da uwata, ƙofarsa a buɗe take. Na ce a gaishe shi. Ruwan rijiya ya ja baya har mata suka fara gunaguni cewa ana ba ciyawa abin da mutane za su sha. Gaskiyarsu ce. Na rage zuwa tulu ɗaya safe, ɗaya yamma, na daina wanka sai ran Juma'a. Tsohuwar nan ce ta tsaya mini. Ta ce tulun mijinta daga rabonta ne, wadda ba ta yarda ba ta zo su yi. Huɗu suka ƙara mutuwa duk da haka, wani abu yana cin saiwarsu ta ƙasa, ban gano ko mene ne ba.

Kwana na ashirin da ɗaya, ina zuba ruwa, na ji abu yana sauka a wuyana. Ganyen gawo ne, ƙanana, rawaya. Na ɗaga kai na daɗe ina kallo. Kwana biyu bayan haka, da hantsi, gabas ta yi duhu ba tare da hayaniya ba, iska mai sanyi ta biyo, ruwa ya kece. Ya yi ta zuba har bayan la'asar. Ina tsugune cikin ƙaya ina gyara wa ruwan hanya da hannu don kada ya tafi da abin da ya rage.

Da gari ya waye na riga kowa zuwa, da sungumi a kafaɗa, innata a bayana da masaki a ka. Ban kai ga sara ba sai ga baffana da barorinsa biyu da buhun gujiya a kan jaki. An faɗa masa awaki sun gama da komai. Ya wuce ni, ya je ya janye ƙaya da sandarsa ya leƙa. Tsiron sun kai tsawon taƙi, sun yi ganye huɗu-huɗu, laka ta ɓata su amma suna tsaye. Na ga leɓensa yana motsi.

"Bakwai," ya ce.

"Bakwai ne, Baba."

"Wannan kake kira shuka?"

"Mai gari tsiro ya ce. In kana so mu koma a tambaye shi ko nawa yake nufi."

Ƙafarsa tana dab da gurbin farko. Taku biyu ya ishe shi ya gama da su, kuma barorin nan ba za su ba da shaida a kansa ba. Na sauke sungumi daga kafaɗa na riƙe shi a tsaye, ban san me zan yi da shi ba. Innata ta kira sunana a hankali. Baffana ya dubi ƙafarsa, ya ja ta baya. Manomi ne. Tun da aka haife shi bai taɓa taka tsiron gero da gangan ba.

Ya fito daga cikin ƙayar ya yi ƴan taku zuwa fili, ya naɗe hannun riga, ya durƙusa ya tura hannu cikin ƙasa. Daidai yadda babana yake yi, har da karkata kai gefe. Sai lokacin na tuna uba ɗaya ya koya musu. Hannun ya nutse har gwiwa, ya fito da laka.

"To me kake tsaye kana kallona?" ya ce. "Danshi ya kai. Rana tana yi."

Ya juya jakinsa suka tafi. Bai bar mini ko bara ɗaya ya taya ni ba, ni ma ban roƙa ba. Ni da innata muka shuke gonar cikin kwana biyu da rabi, ina sara tana rufewa, har masakin ya koma fayau. Lokacin da labari ya iso daga birni cewa an sauke tutar Faransa, muna cikin noma na biyu, geron ya kai mini ƙugu, bakwai ɗin nan na gindin gawo kuwa sun riga sun fid da kai.

Baffana bai amsa gaisuwata da baki ba sai bayan kaka, ɗaga hannu kawai yake yi. Ban fasa zuwa gaishe shi kowace Juma'a ba, kuma ban taɓa ba shi haƙuri ba, don ban ga laifin da na yi ba. Zangarniyar gurabe bakwai ɗin na yanke su daban, ban bari an haɗa su da sauran ba. Innata ta ɗaure su ta rataye a rufin ɗaki, inda damin babana yake a da.