Telan da Ke Bar wa Lissafi Rara

Yayana tela ne, kuma tunda nake ban taɓa ganin ya yanka yadi cif-cif ba. Ko rigar jariri aka kawo masa sai ya bar rara, wai mutum girma yake yi, yadi kuwa tsukewa. Daga aji huɗu aka zaunar da shi gaban keken ɗinki, amma a fagen lissafi bai yarda akwai na gaba da shi ba.

Manyan 'ya'yansa sun daina tambayarsa komai. Auta ce kawai ke zuwa shago bayan makaranta, ta zauna kan buhun ƙyallaye ta miƙa masa aikin gida. Duk duniya ba abin da yake so kamar wannan zaman.

Ranar da aka fara ba su lissafin haruffa ina wurin. Ta karanto masa: x a tara da biyar ya ba da sha biyu. Ya zana da allin ɗinki a kan tebur, ya ce, "Bakwai ne. Rubuta takwas."

"Baba, ai bakwai ka ce."

"Ke dai rubuta. Wa ya taɓa yanka abu daidai wa daida? In ya yi wa malamin yawa ya rage. Ƙari ne ba ya yiwuwa."

Malami kuwa bai rage ba, jan biro ya zuba mata. Yarinya mai wayo, sai ta ɓoye masa jan biron. Ta ci gaba da kawo aiki, in ta isa ƙofar gida ta cire ɗaya daga kowace amsa. Shi kuma yana ta cika wa masu kawo ɗinki baki cewa 'yarsa ba ta faɗuwa.

Wata rana ya leƙa jakarta neman almakashi, ya ga duk amsoshinsa an goge an gyara. Na ji tausayinsa ƙwarai. Ya daina tsokanar kowa, sai ƙarar keke.

Da ta zo ta miƙa masa aikin gida, bai ɗago ba. "Ai kin iya. Me zan yi miki?"

"Baba, wannan ya ƙi fita."

Na leƙa. Lissafin da ko ɗan aji biyu zai yi ne, shi ma ya gani. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ture rigar mutane gefe, ya ce, "Matso da kujerar nan."