Rijiyar da Muka Haƙa a Roni

Jiya na bi ta Roni, na tarar rijiyarmu ta zama juji. Raina ya ɓaci.

Da muka dawo daga yaƙin basasa, gudunmu ake yi a gari. Wani tsohon saje mai jan bakin goro ya tara mu aikin gayya. Na ce, "Baba, mutanen da ba sa amsa gaisuwarmu za mu haƙa wa rijiya?"

Ya miƙo min diga, ya ce, "Hannun da ya saba da bindiga ba a barinsa haka nan."

Har yau ina jin sanyin lakar farko a tafina. Mutanen gari sun sha ruwan rijiyar, sun manta tsohon sajen. Allah Ya shayar da Baba ruwan Alkausara, ni kuma gobe zan nemo shebur.